Kula da daɓen siminti da rufin kankare: abin da ya kamata mai gida ya sani kafin damina

Duk shekara, da zarar ruwan sama ya kankama a watan Yuli da Agusta, koke iri ɗaya ake ji daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram, har Garwa da Njamena: rufin kankare ya fara ɗiga, fenti yana ɓarewa a gindin bango, daɓen tsakar gida ya tsage ciyawa ta tsiro a ciki. Mutane da yawa sun bar ginin ƙasa sun koma na siminti ne da tunanin sun rabu da yaɓen shekara-shekara. Gaskiya siminti ya rage wannan wahalar, amma bai kawar da ita ba. Shi ma kankare yana shan ruwa, yana motsi da zafi da sanyi, kuma yana tsufa. Wannan bayani ya tattaro abin da ke lalata shi a yanayi irin namu, yadda ake gane lalacewar, da yadda ake gyara shi a toshe shi ba tare da ɓarnar kuɗi ba.

Mene ne kankare, kuma me ya sa yake shan ruwa

Kankare, wanda magina a Nijar da Cadi da Kamaru ke kira beto, haɗi ne na siminti da yashi da tsakuwa da ruwa. Irin simintin da ake amfani da shi a yau ya samo asali ne daga Ingila, inda Joseph Aspdin ya yi rajistarsa a shekarar 1824. A yankinmu ana sarrafa shi a Malbaza cikin jihar Tawa tun shekarun 1960, da Figil a arewacin Kamaru, da kusa da Pala a Cadi, da Kalambaina a Sakkwato. Buhu ɗaya kilo 50 ne, kuma lambobin da ke jikinsa, 32.5 ko 42.5, suna nuna ƙarfin da zai kai bayan kwana 28.

Abin da mutane da dama ba su lura da shi ba shi ne, siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba. Haɗuwarsa da ruwa ce ke ƙulla yashi da tsakuwa su zama dunƙule ɗaya, kuma wannan aikin yana ɗaukar makonni. Buhu ɗaya bai kamata ya sha fiye da kimanin lita 25 ba. Idan lebura ya ƙara ruwa don kwaɓin ya yi sauƙin zubawa, rarar ruwan tana ficewa daga baya, ta bar ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani. Ta waɗannan hanyoyin ne ruwan sama da laimar ƙasa ke shiga. Saboda haka kankare ya fi kama da tulu fiye da dutse: yana tsotsa, yana kuma fitarwa.

Ga rufi da ginshiƙai, ƙa'idar da aka saba ita ce kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu bakwai. Duk ginin da aka rage wa wannan adadin don tsimi, ya fi shan ruwa kuma ya fi saurin nuna gajiya.

Abubuwa huɗu da ke cin kankare a yankinmu

Na farko zafi ne. A watan Afrilu da Mayu zafin iska yana wuce digiri 40, saman rufin da rana ke duka kuwa yana iya wuce 60, sannan da dare ya sauko. Kankare yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Rufi mai tsawon mita 10, idan bambancin zafinsa na rana da dare ya kai digiri 30, yana motsa kimanin milimita 3 a kullum. Abin kaɗan ne a ido, amma ya isa ya raba rufi da rawanin da ke kewaye da shi, ya kuma buɗe duk wata tsaga da aka cika da siminti zalla.

Na biyu ruwa ne. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kan mita murabba'i. A gari kamar Yamai ko Njamena, inda ake samun sama da milimita 500 a shekara, rufi mai mita murabba'i 100 yana karɓar fiye da lita 50,000, wato ganga 250 masu lita 200, kuma mafi yawansa cikin wata uku kacal. A Gaya da Garwa adadin ya fi haka nesa. Idan indararo ya toshe har ruwa ya kwanta santimita 5 a kan wannan rufin, nauyinsa tan 5 ne. Daminun 2020 da 2024 sun nuna yadda ruwa mai yawa ke iya sauka cikin ƴan awoyi.

Na uku gishiri ne. Inda ƙasa ke da kanwa ko gishiri, kamar Dallol Boso da Dallol Foga da ƙasar Manga da kewayen Tafkin Cadi, laima tana hawowa ta tushen gini ɗauke da gishirin. Ruwan ya bushe, gishirin ya rage a cikin shafe, ya yi ta tura shi har ya zube. Wannan ne farin garin da ake gani a gindin bango. Ruwan rijiya mai zartsi da aka kwaɓa siminti da shi ma yana haifar da irin wannan, ya kuma sa ƙarfe tsatsa da wuri.

Na huɗu ƙasar da ke ƙarƙashi ce. Baƙar laka ta fadama, irin wadda ake kira karal a arewacin Kamaru, tana kumbura da damina, tana tsagewa da rani. Daɓen da aka shimfiɗa kai tsaye a kanta ba tare da cikon jar ƙasa da aka daddage ba, yana hawa da sauka tare da ita. Cikon da ba a daddage da kyau ba, da saiwar itatuwa kamar dogon yaro idan an dasa su dab da gini, su ma suna karya daɓe.

Tsatsa: ciwon da ke ɓoye a cikin rufi

Daɓen da ya tsage yana ɓata kyan gida ne, amma rufin da ya sha ruwa yana iya cin rai. Rufin kankare, wanda ake kira dal, ƙarfen da ke cikinsa ne ke riƙe da shi. Sabon siminti yana da ɗabi'a irin ta toka da kanwa, wato kishiyar tsami, kuma ita ce ke kare ƙarfe daga tsatsa. A ma'aunin pH yana kusa da 13. Sannu a hankali iskar kabon tana ratsa kankare daga waje zuwa ciki, tana sauko da wannan adadin zuwa wajen 9. Idan ta isa ga ƙarfe, kariya ta ƙare. Da ruwa ya iske shi sai tsatsa ta kama.

Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki biyu zuwa shida. Don haka tana tura kankaren da ke lulluɓe da ita har ya dare, tsagar ta ƙara shigar da ruwa, ruwan ya ƙara tsatsa. Abin da ya sa ƙa'idar gini ta ce a bar kaurin santimita 2.5 zuwa 3 na kankare tsakanin ƙarfe da waje ke nan. A gidaje da yawa an shimfiɗa ƙarfen ne kai tsaye a kan katakon zubi ba tare da an ɗaga shi ba, shi ya sa ake ganin layukan ja-ja a silin bayan ƴan shekaru.

Yadda ake duba gida

Lokacin duba shi ne watan Maris zuwa Afrilu, kafin ruwan farko, sai kuma washegarin babban ruwa na farko, lokacin da kowane lahani ke nuna kansa. Kayan aikin ba su wuce tsintsiya da ƙaramar guduma da fensir da bokitin ruwa ba.

A fara da share rufin tas. Ƙurar hunturu da ganye da leda su ne ke toshe indararo. Sannan a watsa ruwa a ga inda ya nufa. Duk inda ya kwanta ya kwana, a zagaye shi da alli. A duba kusurwar da rufi ya haɗu da rawani, da bakin indararo, da gindin tankin ruwa, da duk wurin da aka huda don kafa farantin tauraron ɗan adam ko na sola ko bututun na'urar sanyaya ɗaki. Mafi yawan yoyo daga waɗannan wurare yake fitowa, ba daga tsakiyar rufi ba. A kuma tuna cewa inda ruwa ke ɗiga a ɗaki ba lalle ne ya zama daidai inda ya shiga ba, domin yana iya tafiyar mita da yawa a cikin rufin.

A ƙwanƙwasa daɓe da guduma a hankali. Wuri mai lafiya yana ba da amo mai kauri, wanda ya rabu da na ƙarƙashinsa kuwa yana ƙara kamar ganga.

Tsaga kuma iri-iri ce. Akwai ƙanana masu kama da saƙar gizo-gizo a fuskar daɓe, waɗanda saurin bushewa ya haifar. Ba su da haɗari. Akwai miƙaƙƙiya da ta tsallaka daɓe daga gefe zuwa gefe, wadda tsukewar kankare ta kawo. Masana na ɗaukar duk wadda faɗinta ya wuce milimita 0.3 a matsayin ƙofar ruwa. Don sanin ko tsaga tana da rai, a ja layi da fensir a ƙarshenta biyu, a auna faɗinta, a rubuta kwanan wata a gefe. Idan bayan wata ɗaya ko biyu ta wuce layin ko ta ƙara faɗi, tana motsi, kuma siminti zalla ba zai riƙe ta ba.

Akwai alamun da ba na magini ba ne, na injiniya ne: rufin da ya lanƙwasa a tsakiya, gutsattsarin kankare da ke faɗowa daga sili har ƙarfe ya bayyana, tsagar da ta taso a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga har ɗan yatsa na shiga, tsaga a jikin ginshiƙi, da ƙofofin da suka daina rufuwa dare ɗaya. A irin wannan hali a kwashe mutane daga ɗakin, kada a ƙara wa rufin nauyi, a nemi injiniyan gini. Ɗakunan gwajin ayyukan gini na gwamnati, kamar Labogenie a Kamaru da takwaransa da ke Yamai, suna iya auna ƙarfin kankare.

Tsabtacewa

Babu maganin da ke kama datti. Rabin aikin toshe kankare wanka ne. Ga datti na yau da kullum, ruwa da omo da buroshi mai tauri sun isa. Idan mai ne ya zuba, na mota ko na girki, a rufe shi da toka ko yashi busasshe ya kwana, a share, sannan a wanke da ruwan zafi da sabulu sau biyu ko uku. Gansakuka da baƙin dattin laima suna fita da ruwan Javel da aka sirka. Farin gishiri kuwa a fara goge shi a bushe, domin wanke shi da ruwa yana mayar da shi ciki.

Wasu magina suna wanke daɓe da asid. Idan ya zama dole, kashi ɗaya na asid ake zubawa a cikin kashi goma na ruwa, kuma asid ɗin ne ake zuba wa ruwa, ba a juya. A jiƙa daɓen tukuna, a sa safar hannu da tabarau, a ɗauraye sosai daga baya. Kada a kuskura a haɗa asid da ruwan Javel, domin hayaƙin da ke tashi guba ne. Haka nan ƙurar da ke tashi idan ana gurzar kankare da inji tana lalata huhu, sai a jiƙa wurin a kuma rufe hanci.

Gyara kafin toshewa

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwaɓa kunun siminti a shafe rufi baki ɗaya. Wannan siririn shafi ba ya jure rana. Kafin damina ta raba ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa, ruwa kuma ya riƙa maƙalewa a ƙarƙashinsa.

Tsagar da ba ta motsi, a buɗe bakinta da cizal ta yi faɗi da zurfin santimita ɗaya ko biyu, a fitar da ƙura, a jiƙa ta har ta ƙoshi amma kada ruwa ya kwanta, sannan a cika da kwaɓin awo ɗaya na siminti da awo uku na yashi mai tsabta. Ƙara farin ruwan roba da ake sayarwa don haɗa sabon siminti da tsoho, wanda ake kira lateks, yana sa facin ya kama sosai. Tsagar da ke motsi kuwa, da mahaɗar rufi da rawani, ƙullun roba mai miƙewa ake matsa musu, irin na poliyuretan da ke zuwa cikin kwalbar matsawa.

Inda ƙarfe ya bayyana, a sassare kankaren da ya ruɓe har a zagaye ƙarfen ta baya, a goge tsatsar da buroshin waya har ƙarfe ya yi haske, a shafa masa maganin tsatsa ko kunun siminti da lateks, sannan a rufe shi da kaurin da ya dace. Idan tsatsa ta cinye ƙarfen har ya sirance, wannan ma maganar injiniya ce.

Inda ruwa ke kwanciya, gangara ake gyarawa. Rufi da tsakar gida suna buƙatar gangaren santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, zuwa ga indararo ko kwata. A kusurwar rufi da rawani a yi ɗan tudu mai santsi da kwaɓi, don kada ruwa ya samu lungun zama. Indararo ya zama mai faɗi, ya kuma zarce bango sosai, inda ruwan ke faɗa a ƙasa a shimfiɗa dutse ko daɓe don kada ya ƙwaƙule tushe.

Duk faci, komai ƙanƙantarsa, yana son ruwa na aƙalla kwana bakwai. A lulluɓe shi da buhun algarara jiƙaƙƙe ko yashi mai laima, a riƙa yayyafi safe da yamma. A lokacin bazara da hunturu, iska mai bushewa tana iya kashe faci cikin awa ɗaya, don haka da yamma ake irin wannan aiki.

Ire-iren magungunan toshewa

Abin da ake samu a shagunan kayan gini ya kasu gida huɗu, kuma kowanne da wurinsa.

Akwai wanda ke nutsewa cikin kankare ba ya barin fata a sama. Ruwa ne garai-garai mai sinadarin silan ko siloksan. A jikin gwangwaninsa da Faransanci akan rubuta hydrofuge de surface. Yana sa ruwa ya dunƙule ya gangare, amma yana barin laimar ciki ta fita. Ba ya sauya launi, ba ya santsi, rana ba ta ɓare shi, kuma yakan yi shekara biyar ko fiye. Ya dace da bango da katanga da tsakar gida. Iyakarsa ita ce, ba ya rufe tsaga kuma ba ya tare ruwan da ya kwanta, don haka shi kaɗai ba ya maganin rufi mai yoyo.

Akwai mai yin siririyar fata a sama, kamar akirilik. Yana da sauƙin kuɗi da sauƙin shafawa, yana hana daɓe fitar da ƙura, amma ana sabunta shi duk shekara ɗaya zuwa uku. Efoksi ya fi shi tauri nesa, ya dace da gareji da ɗakin girki da shago, sai dai rana tana mayar da shi rawaya tana sa shi gari, don haka na cikin ɗaki ne. Duk waɗannan suna santsi idan sun jiƙe. Ga makewayi da matakala sai a barbaɗa yashi mai laushi a kan shafin farko.

Akwai na rufi, abin da magina ke kira etanshite. Mafi shahara shi ne shimfiɗar kwalta da ke zuwa a naɗe, wadda ake manna wa da wutar gas, sau da yawa da fuskar alminiyom a samanta. Da yawa suna kiranta da sunan Paxalu. Ana fara shafa ruwan kwalta na share fage, a ɗora kowane layi a kan ɗan'uwansa da kimanin santimita 10, a fara daga gangare zuwa tudu, a kuma hau da ita jikin rawani aƙalla santimita 15. Idan an yi ta da kyau tana kai shekara goma ko fiye. Akwai kuma fentin roba mai kauri da ake shafawa sau biyu ko uku, tare da ƙyallen ƙarfafawa a kan tsaga da kusurwoyi. Kwaltar da aka narka aka shafa tsirara kuwa, rana tana ƙona ta ta farfashe, baƙinta kuma yana ƙara wa ɗaki zafi. Duk abin da aka sa a rufi, fari ko mai ƙyalli ya fi, domin yana rage zafin da ke motsa kankaren.

Na huɗu shi ne garin ko ruwan da ake zubawa a cikin kwaɓi tun farko. Yana rage shan ruwan shafe da daɓe, amma ba ya gyara kwaɓin da aka cika wa ruwa ko aka rage wa siminti.

Baƙin man inji da wasu ke shafa wa daɓe ba magani ba ne. Yana shiga kankare ya hana duk wani faci ko fenti kamawa daga baya, ruwan sama kuma ya wanke shi zuwa ƙasa da rijiya. Ga tankin ruwan sha da aka gina da siminti, kada a sa kwalta ko wani fenti sai wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da ruwan sha.

Yadda ake shafawa

Sabon kankare sai ya cika kwana 28 kafin a shafa masa komai. Tsoho kuma sai ya bushe. Gwajin yana da sauƙi: a manna ledar da ta kai santimita 45 kowane gefe a kan daɓen, a liƙe gefunanta, a bar ta awa 16 ko kwana guda. Idan an ɗaga an ga raɓa ko wurin ya yi duhu, akwai laima a ciki. Fentin da aka shafa a kan laima yana kumbura ya ɓare, kuɗi sun tafi. Gwaji na biyu shi ne a ɗiga ruwa a wurare da dama. Idan ya nutse nan take, kankaren yana buƙatar magani. Idan ya dunƙule ya tsaya, tsohon maganin yana nan da ransa.

Yawancin waɗannan kaya ba a shafa su idan zafin wurin ya wuce digiri 30 zuwa 35. A bazararmu wannan yana nufin da asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar. Ba a yi ranar da ƙura ta tashi ko hadari ya haɗu, domin ana son aƙalla awa 24 ba ruwa. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri, na biyu ya gitta na farko. Yawan mitar da lita ɗaya ke rufewa da tsawon jira tsakanin shafi suna rubuce a jikin gwangwani, kuma su ake bi, ba ƙiyasin mai aiki ba. Sirka magani da fetur ko ruwa don ya yi auki yana kashe shi. Masu warin fetur suna kama wuta, sai a buɗe tagogi a nisantar da murhu.

Kafin a biya mai aikin rufi cikon kuɗinsa, a toshe indararo, a tara ruwa kimanin santimita 5, a bar shi awa 24 zuwa 48, a riƙa duba sili. Wannan gwajin na rufi mai lafiya ne kawai. Ba a yi wa wanda ya lanƙwasa ko ƙarfensa ya bayyana. Yana da kyau a sa wannan sharaɗin a cikin ciniki tun farko.

Laimar gindin bango

Wannan matsala ta bambanta da sauran, domin ruwanta daga ƙasa yake fitowa. Shafe ta da fenti mai mai ko manna mata tayil yana ɓoye ta ne kawai, laimar ta hau sama ta fito a wani wuri. Abin yi shi ne a nemo mafarin ruwan: famfo mai yoyo, kwata da ta toshe, ramin masai kusa da tushe, shukar da ake ba ruwa a jikin bango, ko ƙasar waje da ta fi daɓen ɗaki tudu. A kewaye gidan da daɓe mai faɗin santimita 60 zuwa mita ɗaya wanda ya gangara waje. Sannan a sassare shafen da gishiri ya ci, a bar bangon ya sha iska makonni, a sake shafe.

Tun ran gini, tun ran zane

Mafi arhar gyara shi ne wanda aka yi ranar zubi. Siminti ya zama sabo, ba wanda ya daskare a buhu ba. A ajiye shi a kan katako nesa da bango, a yi amfani da shi cikin wata uku. Yashi ya zama marar laka, ruwa ya zama wanda za a iya sha. A shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin daɓen ɗaki. Daɓen tsakar gida mai kaurin santimita 10 a yanka masa layuka duk mita 2.5 zuwa 3, zurfin rubu'in kaurinsa, don idan zai tsage ya tsage a cikin layin. A guji barbaɗa busasshen siminti a kan ruwan da ya taso saman sabon daɓe, domin shi ke sa fuskar ta yi gari daga baya. A kuma ba shi ruwa mako guda cur.

Maginan gargajiya sun san wannan darasi tun kafin zuwan siminti. Suna kare soro da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa daga katsin marina da gashin jima da dafara, kuma duk shekara kafin ruwa sai an hau soro an gyara indararo. Kayan aiki ne suka sauya, al'adar hawa rufi kafin damina tana nan da amfaninta.

Jadawalin shekara

Maris zuwa Afrilu: share rufi, buɗe indararo da kwata, duba tsaga, yin faci.
Afrilu zuwa farkon Mayu: shafa magani ko gyaran shimfiɗar rufi da sassafe, sannan gwajin tara ruwa.
Yuni zuwa Satumba: duba indararo bayan kowace guguwa, share ruwan da ya kwanta, sa alama a duk inda sili ya jiƙe.
Oktoba zuwa Nuwamba: wanke gansakuka, auna tsagogin da aka yi wa alama, fara manyan gyare-gyare bayan gini ya bushe.
Disamba zuwa Fabrairu: lokaci mai kyau na aikin siminti saboda sauƙin zafi, muddin an kare shi daga iskar hunturu da jiƙaƙƙen buhu.